Rabin Abin da Ya Rage

Mu bakwai muka rage.
Farkon aji biyar mu talatin da ɗaya ne,
sai aka yi ta zamewa ɗaya-ɗaya,
wai wa zai sayi ciwon kai da kuɗinsa.

Ajin lissafi mai zurfi yana can ƙarshen baranda,
taga ɗaya babu gilashi.
Sanyin Jos kan shigo ya raba benci da mu
ko sisin makaranta bai biya ba.
Malam Dalyop sai ya hura yatsunsa
kafin su yarda su kama alli.

Ran nan ya rubuta: iyaka.
Ya ce, ga kwaɗo, ga kududdufin kuza,
kowane tsalle rabin abin da ya rage yake ci.
Yaushe zai taɓa ruwa?
Tanimu ya ce, in ya ji ƙishi.
Muka kwashe da dariya.
Nanret ta ce, ba zai taɓa ba, Malam,
amma duk kusancin da ka nema zai ba ka.
Malam ya ajiye alli,
ya daɗe yana kakkaɓe hannun da babu komai.

Littafi ɗaya gare mu, ni da ita,
bango ya tafi, babi na tara ya sha manja.
Kwana uku a gidanmu a Gangare,
huɗu a gidansu.
Yana tafiya da ƙanshin turaren Inna,
ya dawo da hayaƙin murhun da ban taɓa gani ba.
Ya san ɗakinta. Ni ban sani ba.
A gefen shafi take bar mini saƙo da fensir:
Lantana, kin sake yar da alamar ragi.

In an tashi mukan taka tare zuwa gada.
Babu shinge, babu ƙofa,
layi ne aka ja tun ba a haife mu ba
da irin allin da damina ba ta wankewa.
Bara a wurin mai gasa masara nake juyawa.
Zangon da ya wuce na kai rumfar mai faci.
Yanzu har tsakiyar gada,
inda ƙarfe ya lanƙwashe.
Rabi, da rabin rabi.

Jarrabawa saura sati shida,
tambaya ta goma sha huɗu ta ƙi mu duka biyu.
Jiya a tsakiyar gada ta ce,
Mama ta dafa gwate, zo mu gama da ita a gida.
Na dubi ruwa, na dubi takalmina,
na ce, ai ke kika faɗa, kusanta ake yi, ba a kaiwa.

Ta miƙo mini littafin, ba ta saki ba.
Ta ce, wannan kwaɗo ne.
Ke kwaɗo ce?

Taku goma sha ɗaya ne.
Na ƙirga.