Makunnin da Bai Dannu Ba

Ni ne Tanimu mai haɗa wuta a Dilimi,
shekara ashirin hannuna na cikin waya.
Makunni mai sako-sako abokin gabata ne:
in ɗaure shi tam, in karɓi kuɗina, in kama hanya.

'Ya'ya biyu Allah ya ba ni, duka da sikila,
Hansatu da Sagiru.
Uwa ɗaya, tukunya ɗaya, sakamakon gwaji ɗaya.
Amma in ruwan Agusta ya gangaro daga duwatsun Shere
da ƙanƙara a bakinsa,
Sagiru ne ke naɗewa kamar tabarma,
yana cizon bargo, yana Baba, ƙashina.
Hansatu kuwa tana tsakar gida
tana tarar ƙanƙara a murfin kwano.

Surukata ta ce jifa ne.
Ban tanka ba.

A asibitin Lamingo, Dakta Nanret
ta kifa takardar gwajin, ta yi zane a bayanta.
Ta ce: ɗan tayi da nasa jinin yake zama,
jini mai zafin nama wajen karɓar iska daga na uwa,
wanda ba ya lanƙwashewa ya koma lauje.
In an haihu, kafin wata shida ya cika,
akwai wani mai gadi can cikin ɓargo
da ke bi ɗaki-ɗaki yana kashe wannan fitila,
ana kunna ta manya.
Ta manyan ce, a gidanka, ta zo da aibi.

Sai na tuna.
Ranar suna Sagiru ƙato ne, har ana tsokanar uwarsa.
Bai san ciwo ba sai da ya fara koyon zama,
yatsunsa suka kumbura kamar dankali.
Ashe lokacin aka ɗauke masa wuta.

Na ce, to Hansatu fa?
Ta ce, nata mai gadin bai danna sosai ba.
Gado ne shi ma, wataƙila daga wani kaka
da ba ku ma san sunansa ba.
Fitilar ciki na nan tana ci, ƙasa-ƙasa,
ita ke hana lauje taron dangi.

Na dubi tafin hannuna, duk tabon filaya.

Yanzu kullum bayan isha'i
Sagiru na haɗiye ƙwaya da ruwan ɗumi,
wai tana lallaɓa tsohuwar fitilar ta sake kamawa.
Wata tara, sau ɗaya muka kwana a asibiti.
Ba na cika baki. Damina ba ta ƙare ba.

Jiya a Farin Gada wata mata ta kira ni,
ƙwan ɗakinta ya ƙi mutuwa, ko an kashe sai ya yi ja-ja.
Na hau kujera, na buɗe, na ga inda ya kwance.
Na daɗe tsaye da sukundireba a hannu
har ta ce, Malam, lafiya?

Na ɗaure mata. Aikina ne.
Amma a sujada, ni da ban taɓa yafe sakaci ba,
cewa nake: ya Allah, mai gadin nan na jikin ɗana,
ka sa masa gyangyaɗi.