Ɗari Huɗu da Sha Ɗaya

Jami'a ta zo daga Tórshavn a jirgin ruwan safe,
takarda a hannu, rigarta na ɗigar ruwa.
Ta ce, "Heðin, zauren nan mutum nawa yake ci?"

Na ce, rubuta ɗari huɗu da sha biyu.
A'a, dakata, rage ɗaya.
Ta layi na uku, dab da ƙofa,
tun ranar da teku ya karɓi Símun bai maido ba,
Rannvá ke ɗora hularsa ta ulu a kai.
Ba wanda ya taɓa cewa ta ɗauke.

Ta ce fom ɗinta ba shi da gurbin hula.

Shekara ashirin da uku ina share daɓen nan.
Na san wadda ke ƙara in an zauna,
na san wadda yara suka kankare sunansu a bayanta
da ƙugiyar kamun kifi.
Garinmu duka, har da jarirai da limamin coci,
bai kai dubu ba.
Tumakin kan dutse sun fi mu yawa,
su kuwa ba sa sayen tikiti.

Wani baƙon koci ya taɓa yi mana dariya,
wai a ƙasarsu masu layin shayi a hutun rabin lokaci
sun fi wannan taron.
Ban tanka ba. Na miƙa masa tawul.

Amma ki zo daren Asabar, in ji ni,
lokacin da iska ke dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi,
'yan matanmu na ƙwallon hannu suka fito cikin shuɗi.
Ba masaka tsinke.
Warin kifi da jiƙaƙƙen ulu da kofi,
kaka ta ɗora jika a cinya,
masunta a tsaye jikin bango, takalman roba a ƙafa,
mai tsaron raga kuwa
kowa a nan ya taɓa goya ta ko ya ba ta alewa.
In ta tare ƙwallo
har fitilun sama rawa suke.
Gari kuma tsit, sai hasumiyar jirage ke gadi.

Ta dube ni, ta dubi hular.
Ta rubuta ɗari huɗu da sha ɗaya,
ta tambayi ƙarfe nawa ake farawa.