Harajin Inuwa

Da rana ni ne Tasi'u mai lissafi,
shago na huɗu a layin 'yan atamfa, Kwari.
Turmi goma, dila biyu, bashin mutanen Agadas,
duk alƙalamina ke riƙe da su.
A bayan littafin rasit kuwa, inda maigida ba ya leƙawa,
akwai birnin da na gina da biro.

Ƙyamaro sunansa.
Can ba a biyan haraji da kuɗi.
Inuwarka ake aunawa da kamu,
a yanke rabon hukuma da almakashi,
a ninke ta turmi-turmi, a kai taska.
Mai hali na tafe da inuwa bakwai a bayansa,
talaka na tafe fayau, ƙasa ba ta san da shi ba.

In an tambaye ni inda na samo wannan,
sai in ce aljanu suka raɗa mini, a yi dariya.
Gaskiyar kuwa Ɗanjummai ɗan dako ne,
da na gani da azahar, dila a ka,
ya raɓa gindin rumfa zai sauke numfashi,
aka ce ya matsa, yana tare kaya.

Da dare sai Kurna, ɗaki da rabi.
An ɗauke wuta tun la'asar,
janareton maƙwabci na tari kamar tsohon mashayin taba.
Sati uku ke nan Tsahare na tsaye a ƙofar taska,
babi na sha tara,
mabuɗin sata a hannu, ƙafa ɗaya a sama.
Na ce ta shiga, ta ƙi.
Na aiko mata guguwa mai magana, ta kau da kai.
Na yaga shafi shida.
Uwani ta hura gawayi da su,
ta ce ko ba komai sun dafa koko.

Sabi'u mai ɗab'i a Fagge ya ce takarda ta yi tsada.
“Rage shafi arba'in, ka ɗan ƙara soyayya.
Macijin nan mai kai uku na bango,
mai da shi kai ɗaya, tawada ta hau.”
Na yi ciniki kamar a kan akuya,
muka rabu a kai biyu.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Tawa dai ta biya kuɗin makarantar Ladidi zango guda,
ta sayi buhun masara, ragowar na sa kati.
Ran nan wani mai adaidaita, daga Bata,
ya ƙura mini ido ta madubi.
“Kai ne ka kashe Makau mai gadin kogi?”
Na ce ni ne.
Ya ƙi karɓar kuɗina,
bai kuma ƙara ce mini uffan ba har Ƙofar Ruwa.
Ban taɓa samun lada irin wannan fushin ba.

Jiya Ladidi ta farka tsakar dare,
ta tarar da ni na zabga tagumi gaban fitilar waya.
Ta ɗaga yatsu, zomo ya fito a bango.
Ta ce, “Baba, in ta kwaso inuwoyin,
yaya za ta gane wannan ta wane ce?”

Sai na ga abin da ya tsayar da Tsahare.
Ashe ba tsoro ba ne.
Ba ta san mutanen ba, don ni ma ban san su ba.

Na koma babi na biyu, na fara raɗa wa talakawa suna,
wannan gurgu ne, wannan na son yaji,
wannan ba ta gaisuwa sai ta ci goro.
Har ladan ya yi gyaran murya ina kai.

Da safe na yi kuskuren turmi uku a lissafi.
Ɗanjummai ya shigo ɗaukar kaya,
na tambaye shi sunan garinsu.