Sha Ɗaya

Mun bar Malumfashi a ƙarƙashin fiffike,
hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin.
Muryar Zinatu ta shigo daga hasumiyar Katsina,
a tsanake, kamar mai awon gero:
"Ku sauko ƙafa dubu goma sha ɗaya, ku tsaya nan."

Daidai lokacin Kyaftin Rabe ke nuna mini
wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa da ta kama ƙiftawa,
ma'aikaciya kuma ta kira daga baya,
wai dattijon kujera ta tara numfashinsa na sarƙewa.
Kunnena ɗaya na hasumiya,
ɗayan na wajen dattijo,
idona na kan fitila.

Na ce, "Dubu goma."
Na murɗa lambar da yatsu biyu.
Sha ɗaya ta zame a hanya
kamar allura a cikin yashi.

Zinatu ba ta cafke ba, wani jirgin ya tari numfashinta.
Kyaftin ya ce, "To," bai ɗago kai ba.
Mu uku, kunne shida,
ba wanda ya tsinci kalma biyu.

Ashe dubu goma da mai ita.
Ya taso daga Katsina, ya nufi kudu,
cike da mutanen da ba su taɓa jin sunana ba,
wani na ɓare gyaɗa, wata na lallashin goyo.

Sai na'ura ta tsaga mu da ihu:
ku hau, ku hau!
Kyaftin ya ja, kujera ta danne mini baya,
kofin shayi ya kife a gwiwata, ban ji zafi ba.
Ta tagar dama haske ya gifta cikin gajimare,
ja da fari,
kusa har na ga ƙifcensa.

Shiru.
Sannan Zinatu, muryarta ba ta awon gero kuma:
"Nawa na ba ku?"

Mun sauka ana yayyafi.
Dattijo ya fita da ƙafarsa, har yana sa mana albarka.
Fitilar, in ji injiniya, waya ce ta yi sanyi.
Na zauna na rubuta rahoto, shafi biyu,
ban ɗora wa hadari ba, ban ɗora wa kowa.
An ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira;
ba a faɗa mana rabin ji ba,
mai kama da ji, mai amsawa da "to."

Yanzu nakan ɗora yatsa kan lamba,
ba na ɗauke shi sai na kusa da ni ya furta ta da baki.

Jiya a gida, Ƙofar Marusa,
ɗiyata Hauwa'u na ƙidayar 'ya'yan dabino a faranti.
Takwas, tara, goma.
Ta tsaya, ta waiga wajen kyanwa.
Na ce, "Ci gaba."
Ta ce, "Abba, ai na iya."
Na ce, "Na sani. Faɗa dai in ji."