Littafin Firigo

Aikina ƙarami ne.
Safe da marece in buɗe firigon likitar Garin Malam,
in duba ma'aunin sanyi, in rubuta lamba.
Daga biyu zuwa takwas, lafiya ke nan.
Shekara tara alƙalamina bai ƙetare takwas ba.

Sai aka ce an sa wa ƙasa takunkumi.
Ni a bakin maraƙi na san shi,
don kada ya shanye nonon da za a kai kasuwa.
Ban san ana saƙa na ƙasa ba,
ban ga ranar da aka zo auna bakinmu ba.

Wuta ta ɗauke ran Laraba.
Alhamis na rubuta sha ɗaya.
Juma'a na sayo ƙanƙara a kasuwar Dole da kuɗin cefanena,
na goyo ta a buhu bisa keke,
tana yi mini kuka a gadon baya har gida.
Asabar mai ƙanƙara ya daga kafaɗa:
shi ma wutar yake jira.

Ma'azu tela yana da kwalba uku a wurina,
allurar sukari, da sunansa a jiki.
Ya ce, Lawali, ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, in yi?
Na ce kada ka yi.
Ya ce, to me zan yi?
Na dubi duwatsun Birni ta taga,
su ma ba su ce komai ba.

An ce maganinmu yana Ɗan Barto,
cikin kamiyo, a rana, bayan sarƙa.
An ce ai magani ba ya cikin abin da aka hana.
Takarda ce ta ce haka.
Sarƙa kuwa ba ta yi lakwal ba.

Farar mota ta zo a wata na biyu,
da gidan sauro, da ƙullin gujiya na yara masu tamowa.
Ba zan ci amanar alheri ba:
ɗiyar Cima, da hannunta bai kai kaurin muciya ƙarama ba,
yau tana bin kaji da gudu.
Amma na bi kwalaye ɗaya bayan ɗaya,
har na ƙarshe na girgiza shi,
babu kwalbar Ma'azu.
Suka ce ba ya cikin lissafin bana.

Ya bar rigar salla ta wani yaro a ƙarƙashin allura,
hannu ɗaya ɗinke, ɗaya a yanke.

Ran da wuta ta dawo, unguwa ta ɗauki guɗa.
Firigo ya yi tari, ya kama gurnani.
Na zauna ina kallon lamba tana sauka,
ashirin, sha biyar, tara,
biyar.
Na rubuta biyar, da kyau, kamar yadda aka koya mini.
Babu layi a littafin
inda ake rubuta wanda sanyin ya zo bai tarar ba.