Rage Murya

A Oulu rana ta faɗi tun ƙarfe uku,
Tuovi Rautakoski ba ta ga faɗuwarta ba.
Tana ɗakin da aka liƙe wa soso ko'ina,
soso mai tsini kamar haƙoran kada,
ɗakin da ko tari ka yi, ba ya dawo maka.

A gabanta eriya biyu, tsakaninsu taƙi ɗaya.
Ɗaya baki ce, ɗaya kunne.
Shekara da shekaru ana yi musu rabo:
ke faɗi, ke kuma jira,
ko a ware wa kowace tata hanya.
Yanzu an ce su yi tare,
zango ɗaya, numfashi ɗaya.

To, maƙeri yana dukan ƙarfe,
yaya zai ji takun tururuwa?
Bakin yana jikin kunnen.
Abin da turke ya furta, shi ya fara ji,
ya ninka muryar baƙo sau biliyoyi,
sai ya kurmance da zancen kansa.

Ta yi dabara. Ta kwafi muryar turken,
ta juya ta bai-bai, ta zuba a kan ta asali,
su cinye juna kamar bashi da biya.
Sun cinye, amma da saura,
ɗan ƙanzo a gindin tukunya
da cokali ya kasa kankarewa,
yana rawa kore a kan allo.

Jalmari ya leƙo da kofi a hannu,
dusar ƙanƙara na narkewa a gemunsa.
Ya ce, ƙara wuta mana, saƙo ya yi nisa.
Ta ce, in na ƙara, ƙanzon ma ya ƙaru.
Ganga in ta cika zaƙi, ka san ƙarshenta.

Kuma ba turke kaɗai ke da laifi ba.
Ga mutum biyu a tashar bas,
kafaɗa da kafaɗa, ba su san juna ba.
Wayar wannan tana aika hoton jikarsa,
wayar wancan tana jiran sakamakon asibiti.
In ta farko ta ɗaga murya,
ta biyu ba za ta ji komai ba sai maƙwabciya.

Sai ta rubuta ƙa'ida, layi goma sha bakwai:
wanda ke gindin turke ya yi raɗa,
na nesa a ƙara masa kaɗan,
kaɗan ɗin ma a auna,
a sake aunawa kafin ido ya ƙifta,
don mutane ba sa zama wuri ɗaya.
Desibel uku ta cire. Ta ƙara cire ɗaya.
Koren layi ya lafa, ya kwanta.

Can kan tekun da ya daskare, wajen Hailuoto,
mahaifinta Veikko ya huda ƙanƙara,
ya zauna kan bokiti yana jiran kifi.
Wayarsa a aljihun ciki, sanda ɗaya tak,
a bakin iyakar da turke ke iya ji.
Irinsa ne ake yi wa shirun nan.
Garin duka zai sassauta
don a ji tsoho ɗaya ya ce ƙanƙara ta fara tsagewa,
ko ya ce ba komai, a ɗora ruwan zafi.

Ƙarfe tara ta kashe fitila, ta kira shi.
Shekara talatin haka suke:
yana magana tana magana,
kowa na jin kansa, a ajiye waya.
Ya fara ba ta labarin kifin da ya kuɓuce,
ita ma ta fara nata, na desibel huɗu.
Ba ta yi shiru ba.
Ta dai rage murya,
har ta ji iska a bayansa,
ta ji tarin da yake ɓoyewa tun kaka.

Ta ce, Baba, wannan tarin fa?
Ya ce, au, kin ji?