Mai Gadin Taga

Amílcar, sau ɗaya na tambayi intanet
kuɗin akwatin da za a sa ka.
Sau ɗaya tak, da asuba, hannuna na rawa.
Wata bakwai ke nan akwatunan gawa na bin sawuna.
In nemi yadda ake jiƙa busasshen kifi, ga akwati.
In duba jirgin ƙasa mai zuwa Braga,
ga wani mai hannun azurfa, wai an yi ragi.

Na gaji. Na shiga rumbun burauza
na ɗauko mai gadin farko da idona ya faɗa wa,
mai koriyar garkuwa, taurari biyar reras, kuma kyauta.
Ya ce in ba shi izini ya ga duk inda na leƙa.
Na ba shi.
Ashe kura na ba ajiyar nama.
Akwatunan sun tafi, ba zan yi masa ƙarya ba,
sai ga tsofaffi masu rinannen gashi a gefen allo
suna neman bazawara a Porto.
Wa ya gaya musu?

Ran Lahadi Telmo ya hawo tudun nan da kekensa,
ya zauna a kujerarka, ban hana shi ba.
Kaka, wa ya ƙera wannan?
Ban sani ba.
Yaushe rabon da a gyara shi?
Na yi shiru.
Ya tona, ya ce bara aka sayar da shi
ga wani kamfani da ko adireshi ba shi da shi.
Taurari kuwa, in ji shi, da kwando ake sayensu
kamar sardin a bakin kogi.
Mai gadin da ba ya karɓar ko sisi,
tambayi wanda ke ciyar da shi.

Ya ce mu nemi wanda aka bar cikinsa a buɗe,
kowa ya duba, kowa ya yi magana.
A nan na riga shi fahimta.
Shekara arba'in ina kan keken ɗinki,
ban taɓa yarda da riga ba
sai na juya ta na ga ɗinkin ciki.

Na ce a ƙara biyu, ko uku, don tsaro.
Ya yi dariyarka, wadda ke fita ta hanci:
ɗaya ya isa, Kaka,
kowane mai gadi makulli yake ƙara riƙewa.

Yanzu allon ya yi tsit.
Gefensa fari fat, kamar zanen gado a igiya.
Na karanta girkin tun daga gishiri har zaitun
ba wanda ya ja ni ta hannun riga.

Sai dai jiya da dare
na kama kaina ina duban gefen.
Maƙwabta sun daina tambaya, ka sani.
Akwatunan nan marasa kunya
su kaɗai suka rage
da ba su manta ka tafi ba.